Kyamara ta tafi, mutanen cikin fim suna nan: fashin baƙi kan finafinan bankaɗa

Idan abin da fim ya nuna gaskiya ne, to ina laifin wanda ya ɗauka? Tambayar da ke dawowa ke nan duk ranar da aka saki wani dokumentari na bankaɗa, ko kan malaman jami'a masu neman ɗalibai da lalata, ko kan 'yan bindigar Zamfara, ko kan shugabannin ƙwallo masu karɓar na goro. Kafin a yi sallah biyu an rabu gida biyu a Facebook. Waɗannan su ce Allah Ya yi wa 'yan jaridar albarka, gara a tona. Waɗancan su ce tonon silili ne, an ci mutuncin bayin Allah, baƙi ne ke neman ɓata mana suna.

Abin da na lura da shi, duka ɓangarorin mutum ɗaya suke kallo, wato babban da aka kama dumu-dumu. Da wuya ka ji an tambayi yarinyar da ta ba da shaida, ko ɗan jagoran da ya shigar da masu kyamara daji, ko yaron da aka nuna da mari a ƙafa. Alhali galibin rigimar ɗa'a a wannan sana'a a kansu take, domin su ne ke zama a garin bayan an naɗe waya an hau mota.

Mene ne dokumentari, kuma ta ina ɗa'a ta shigo?

Dokumentari fim ne da ake ginawa da mutanen gaske da abin da ya faru da gaske. Ya fi rahoton labarai tsawo da zurfi, don akan shafe watanni ko fiye da shekara ana ɗauka kafin a tace a fitar da abin da bai kai awa ɗaya ba. Bambancinsa da fim ɗin Kannywood kuwa a fili yake. In an harbe mutum a fim ɗin Hausa, darakta na cewa a yanke zai miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya je ya karɓi sallamarsa. Wanda ya yi kuka a dokumentari da sunansa na yanka ya yi, kuma gobe zai shiga kasuwar da aka san shi.

Rashin fahimta ta farko ita ce ɗaukar kyamara a matsayin madubi. Mukan ce gani ya kori ji, shi ya sa da mun ga bidiyo sai mu rufe shari'a. Amma wani ne ya zaɓi inda zai dasa kyamarar, shi ya zaɓi wanda zai tambaya da wanda zai tsallake, shi ya jera maganganun, shi ya sa kiɗan da ke sa gabanka faɗuwa. Ana iya haɗa fim da hotuna na gaskiya zalla, amma labarin da ya tashi daga cikinsu ya zama karkatacce. Ɗa'ar aikin ita ce ƙa'idojin da ke tsare wannan zaɓe-zaɓen don kada ya cuci wanda aka riga aka zalunta, ko ya zalunci wanda ake zargi, ko ya yaudari mai kallo.

Rufin asiri ko tonon asiri?

Bahaushe ya girma da addu'ar "Allah Ya rufa asiri", don haka ba abin mamaki ba ne ya ji fim ɗin bankaɗa ya tsaya masa a wuya. Akwai hadisin da ya yi alkawarin rufin asirin Allah ga wanda ya rufa wa Musulmi asiri, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane da cin namansu. Masu sukar irin waɗannan finafinai nan suke tsayawa.

Sai dai malamai ba su tsaya nan ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ware wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum, ciki har da kai ƙarar zalunci, da neman taimako wajen kawar da ɓarna, da gargaɗin jama'a game da mai cutarwa. 'Yan jarida suna da kalmarsu ta wannan, maslahar jama'a, kuma kullum suna jan kunnen junansu cewa ta sha bamban da abin da jama'a ke kwaɗayin gani. Malamin jami'ar da ya yi auren ɓoye, wannan tsakaninsa da uwargidansa ne, ko da labarin zai tara dubban masu kallo. Malamin da ya riƙe makin yarinya sai ta zo ɗakinsa, wannan ya shafi duk uban da ya biya kuɗin makaranta. Rufa masa asiri miƙa masa ɗalibar baɗi ne.

Kuma bankaɗa tana aiki, wannan ba a musu. Tun a 2017 Majalisar Dattawan Najeriya ta yi maganar ana shan kwalbar kodin wajen miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, aka yi jawabai aka watse. Ranar 30 ga Afrilu 2018 sashen BBC Africa Eye ya saki fim ɗin Ruona Meyer kan yadda maganin tarin ke fita ta bayan gida daga kamfanoni zuwa hannun matasa. Washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Abin da jawabi bai yi ba a watanni, hoto ya yi shi a kwana ɗaya. Wannan ƙarfin ne ya sa sana'ar take da haɗari, don wuƙar da ta yanka rago ba ta san wuyan wa aka ɗora ta a kai ba.

Ɓoyayyiyar kyamara da ɗana tarko

Ƙa'idar aikin jarida ta Najeriya da aka amince da ita a Ilorin a 1998 ta ce a nemi labari ta hanya bayyananniya, kada a koma ga dabarun ɓoye sai in maslahar jama'a ta tilasta. Manyan gidajen labarai kan ƙara sharaɗi: sai akwai alamar laifi tun kafin a ɗauki kyamarar, kuma sai babu wata hanyar tabbatar da shi. Ba a yarda a zuba koma a kogi don a ga abin da za ta kamo ba.

Fim ɗin Sex for Grades, wato lalata don samun maki, da ya fito ranar 7 ga Oktoba 2019 misali ne mai kyau na inda layin yake. Kiki Mordi, wadda ita kanta ta ce irin wannan cin zarafi ne ya raba ta da karatun jami'a, ta yi aiki da wasu mata 'yan jarida da suka shiga Jami'ar Legas da Jami'ar Gana da sunan ɗalibai. Ɗaya ta je a matsayin yarinya 'yar shekara 17 mai neman gurbin karatu. Masu fim ɗin sun ce sai da suka tattara bayanan ɗalibai na gaske kafin su zaɓi ofisoshin da za su shiga. Jami'ar Legas ta rufe ɗakin shaƙatawar malamai da aka ambata a fim ɗin, kuma a 2021 ta kori malamai biyu. A Gana malaman biyu sun musanta, daga baya jami'ar ta dakatar da ɗaya wata 6, ɗayan wata 4, ba albashi.

Masu suka sun ce sunan fim ɗin ya wuce abin da ke cikinsa, tunda matan da suka ɗauki hoton ba su da makin da za a riƙe musu. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ya kamata a karɓe ta. Wadda ban karɓa ba ita ce ta masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yarinyar da ta shiga ofis ta ce tana neman taimakon shiga jami'a ba ta ɗana wa kowa tarko ba. Abin da malamin ya faɗa daga bakinsa ya fito.

Na ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas ya fi wannan sarƙaƙiya. A fim ɗinsa Number 12 na watan Yunin 2018, mutanensa ne suka je da kuɗin a hannu, da sunan 'yan kasuwa ko wakilan 'yan wasa, suka miƙa, kyamara na ɗauka. An ga shugaban hukumar ƙwallon Gana Kwesi Nyantakyi yana karɓar dala 65,000. FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, kafin kotun wasanni ta mayar da hukuncin shekara 15. Binciken ya taɓo mu kai tsaye, don an nuna Salisu Yusuf, tsohon kocin Kano Pillars wanda a lokacin yake cikin masu horar da Super Eagles, yana karɓar kuɗi daga masu cewa wakilan wasu 'yan wasa biyu ne. Shi ya ce kyauta ce aka ba shi, kuma ba ta sauya zaɓen 'yan wasansa ba. Hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi shekara ɗaya da tarar dala 5,000.

To a nan tambayar ita ce, laifin da ke gudana aka kama, ko laifi aka ƙirƙira aka gwada wa ya faɗa? A ƙasar da baƙo kan miƙa wa mai gida "na shan ruwa" ba tare da an nemi komai ba, bambanta kyauta da cin hanci yana bukatar a ji duk hirar da aka yi kafin hannu ya miƙu, kuma mai kallo guntu kawai ake nuna masa. Magoya bayan Anas za su ce ba wanda ke ba da rasiɗin cin hanci, in ba ka kai da kanka ba har abada ba za ka samu hujja ba. Ni na karkata ga cewa dabarar ta halatta a kan wanda aka riga aka tara shaidu a kansa, amma ba a kan duk wanda aka ci karo da shi a otal ba.

Yardar da aka karɓa da dangwalen yatsa

Shekarun baya na taɓa yi wa wasu masu ɗaukar fim tafinta a wani sansanin 'yan gudun hijira. Mutanen kirki ne, ba su zo da mugun nufi ba. Suna neman matan da aka sace aka sako. Shugaban sansanin ya kawo mana wata baiwar Allah da goyo a baya, ga gwaggonta na biye da ita. Aka fito da takarda shafi biyu da Turanci aka ce in fassara mata. Na karanta har ƙarshe, wurin da ke cewa ta ba da izinin a yi amfani da hotonta da muryarta a ko'ina a duniya, ta kowace kafa, ba iyakar lokaci. Na rasa yadda zan sa wannan a Hausar da za ta shiga kunnenta. Na ce mata za a nuna a talabijin a ƙasar waje. Gwaggon ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mutanen garinmu za su gani?" Na juya na tambayi mai kyamara, ya ce za a dusashe fuskarta. Na ce, "Inna, ba za a gane ta ba." Ta dangwala yatsa. Shugaban sansanin yana tsaye a bakin ƙofa, shi ne kuma mai rubuta sunayen masu karɓar hatsi.

Sun cika alkawari, an dusashe fuskar. Amma ba a sauya muryar ba, ba a rufe zanen goyon ba, ga ta ta ambaci ranar kasuwar da aka tare su. Duk wanda ya fito daga yankin ya san ko wace ce. Bayan wasu watanni wani ya yanko minti biyu daga fim ɗin, daidai inda take faɗin abin da aka yi mata a daji, ya jefa a WhatsApp. Har yau in na tuna "Inna, ba za a gane ta ba" sai in ji kunya ta rufe ni.

Abin da wannan ya koya mini shi ne sa hannu daban, yarda daban. Yarda ta gaskiya tana bukatar mutum ya san inda fim ɗin zai je, har wayar maƙwabcinsa da ta dangin mijinta da ta wanda ya cuce ta. Tana bukatar ya san zai iya cewa a'a ba tare da ya rasa buhun masara ba. Ƙwararru a wannan fanni yanzu suna komawa wurin mutum bayan an gama tacewa su nuna masa ɓangarensa, su sake tambayarsa ko har yanzu ya yarda. Wasu kan sauya murya da tufafi da wurin zama, ko su sa wani ya karanta maganar. Duk wannan yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ake tsallake shi.

Akwai kuma waɗanda ba su da halin yarda ko da an tambaye su. Fim ɗin kodin ya shiga wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi inda ake ɗaure matasa da sarƙa. Mutumin da ƙwaya ta taɓa wa hankali, ƙafarsa a mari, wa zai ba da izini a madadinsa, wanda ya ɗaure shi? A Satumban 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, hotunansu sun zagaya duniya, da yawa fuska a buɗe, har da ƙananan yara da tabon bulala a gadon baya. Tabon ne hujjar, nuna fuskar bai ƙara komai ba sai abin da za a riƙa nuna su da shi a unguwa. Ƙa'idar Ilorin ɗin nan ta hana bayyana yaron da bai kai shekara 16 ba a irin waɗannan lamurra, amma wa ke tunawa da ita in labari ya yi zafi?

Wani lokacin abin ya wuce kunya ya kai ga rai. Fim ɗin Retrograde na 2022, kan watannin ƙarshe na sojojin Amurka a Afganistan, ya nuna fuskokin 'yan ƙasar da ke aikin tono nakiyoyi tare da Amurkawa. Guntayen fim ɗin suka bazu a TikTok. A 2024 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa 'yan Taliban sun kama ɗaya daga cikinsu sun azabtar da shi, daga baya ya rasu, kuma an gargaɗi masu fim ɗin tun kafin su saki. Su sun kare kansu da cewa rundunar sojin Amurka ta duba fim ɗin ta amince. Tashar National Geographic da ke nuna fim ɗin ta janye shi, bayan ya riga ya ci kyaututtuka.

Masu aikin su ma ba su tsira ba. A lokacin rigimar Number 12, ɗan majalisar Gana Kennedy Agyapong ya nuna hoton Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin masu aiki da Anas, a gidan talabijin ɗinsa, ya ce a dake shi in an gan shi. Ranar 16 ga Janairu 2019 wasu a kan babur suka harbe Ahmed a unguwar Madina da ke Akara. Agyapong ya ce ba shi da hannu a kisan, kuma an shafe shekaru ba a hukunta kowa ba. Anas yana da labulen duwatsun ado da yake rufe fuska da shi. Ahmed ba shi da shi.

Bai wa ɗan bindiga makirufo

Rigimar da ta fi kusa da mu ita ce ta 2022. A watan Maris Trust TV ta nuna nata binciken kan 'yan bindiga, a ƙarshen Yuli kuma BBC ta saki fim ɗin Yusuf Anka, matashin ɗan Zamfara da ya shiga dazuzzukan jiharsa ya zauna da jagororin dabar. A ciki wani ya yi iƙirarin shi ya kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ya ce an biya fansar naira miliyan 60 sun sayi bindigogi, abin da ya saɓa wa maganar gwamnati cewa ba a biya ko sisi ba. An kuma ga Ado Aleru, wanda a cikin watan Yulin ne aka naɗa shi Sarkin Fulanin 'Yandoto har aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi.

Ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya ce wannan kambama ta'addanci ne. Farkon Agusta hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV da DStv da TStv da Startimes naira miliyan 5 kowanne. A farkon 2024 wata babbar kotun tarayya ta soke tarar.

Ba na goyon bayan tarar, amma damuwar da ke bayanta ba wasa ba ce. Ɗan bindiga yana son a ji tsoronsa, kuma kyamara na iya zama masa gangar yaƙi. Matar da ya kashe wa miji za ta gan shi a kishingiɗe yana murmushi yana kawo dalilansa. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan shi ne: an ƙalubalance shi ko an bar shi yana zuba? An nuna ɓarnarsa da muryar waɗanda ya cuta, ko an nuna shi kamar gwarzo? An biya shi? Fim ɗin Zamfara ya nuna gawarwaki da ƙauyukan da aka ƙona, ya saurari Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe wa dangi, ya saurari Hausawan da aka raba da gonakinsu, har ya nuna yaron da harsashin jami'an tsaro ya samu ranar da aka mayar da 'yan Jangebe gida. Mutum ba zai gama kallonsa ya yi sha'awar shiga daji ba. Abin da ya fi ƙona wa hukuma rai, a zatona, shi ne matashi ɗaya da kyamara ya isa wurin mutanen da ake ta cewa ana nema ruwa a jallo.

Duk da haka akwai wanda ba a yi maganarsa ba a duk wannan cece-kuce, wato ɗan ƙauyen da ya yi magana a fim ɗin ya kwana a inda babu ɗan sanda ko ɗaya.

Almakashin mai tacewa

A ɗakin tace hoto ake yin zunubin da ba mai gani. A yanko amsar wata tambaya a manna ta a kan wata. A cire "ban" da "ba" daga jimla. A sa hoton mutum yana dariya bayan an ambaci gawa, alhali dariyar ta jiya ce. Ƙa'ida ita ce a aika wa wanda ake zargi duk tuhumar dalla-dalla, a ba shi isasshen lokaci ya amsa, a kuma sa amsar yadda ya ba da ita. Buga waya sau ɗaya da daddare sannan a rubuta "mun neme shi bai ɗauka ba" cika baki ne kawai.

In wanda ake zargin ya mutu fa? A Janairun 2024 BBC ta saki bincike kan malamin cocin nan na Legas, T.B. Joshua, inda tsofaffin mabiyansa sama da 25 suka yi zargin fyaɗe da azabtarwa, shi kuwa ya rasu tun 2021. Mabiyansa suka ce an jira ya mutu ne don ba zai iya kare kansa ba. Masu ba da shaidar suka ce sai da ya mutu bakinsu ya iya buɗuwa. Duka biyun suna iya zama gaskiya, abin da ya rage wa mai fim shi ne ya ninka bincike, ya nemi shaidun da ba su haɗa baki ba, ya ba cocin damar magana.

Manya ma suna zamewa. Hirar da Martin Bashir ya yi da Gimbiya Diana a 1995 ta zama abin alfaharin BBC shekara da shekaru, sai a 2021 binciken alƙali Dyson ya tabbatar cewa da takardun banki na jabu ya yaudari ɗan'uwanta har ya kai gare ta. A 2021 ɗin dai wani mai fim a Amurka ya amsa cewa ya sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar marigayi Anthony Bourdain, mai gabatar da shirye-shiryen abinci a talabijin, ta karanta wasu kalaman da ya rubuta, ba tare da an sanar da mai kallo ba. Abin da a lokacin ya zama abin mamaki, yau yaro da waya zai iya yi wa muryar limamin unguwarsu.

Wa ke sa ido, kuma me ya rage ga talaka?

A takarda akwai kariya. Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, na 37 ya kare sirrin mutum, na 22 ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, akwai damar kai ƙarar ɓata suna. A aikace kuwa mai kuɗi ne ke iya ɗaukar lauya, hukuma kuma takan farka ne in an taɓa ta. Ba na tuna ranar da aka ci tarar wani gidan talabijin miliyan 5 don ya nuna fuskar yarinyar da aka yi wa fyaɗe.

Sannan yawancin "dokumentarin" da ke shigowa wayoyinmu yanzu ba daga gidajen da ke da lauyoyi da editoci suke fitowa ba. Saurayi ne da waya da makirufo mai gashi da shafin YouTube, an yi abin kunya a unguwa da safe, da la'asar yana tsakar gidan yana tambayar uwar yarinya yadda ta ji. Yawan masu kallo ne ke kawo masa kuɗi, hawaye kuma ya fi komai jan masu kallo. Wani ya miƙa dubu biyar "na sabulu" kafin a fara, wanda hakan kan sa mai magana ya ƙara gishiri don kada baƙo ya tafi da ɓacin rai.

Wanda kyamara ta zo ƙofarsa yana da haƙƙin ya tambayi sunan mai ɗauka da gidan da yake wa aiki da inda za a nuna. Yana da haƙƙin ya ce a karanta masa takardar da harshensa a gaban wani nasa, ya ce a sauya murya ba fuska kaɗai ba, ya karɓi lambar wanda zai kira in ya sauya shawara, ko ya ce a'a ya shige gida. Zai fi kyau ya yi duk wannan kafin jan fitilar kyamarar ta kama, don magana zarar bunu ce. National Geographic da girmanta fim ɗin kawai ta iya janyewa daga shafukanta, guntayen da suka riga suka shiga wayoyin mutane suna nan.

Game da sakamako kuma, gara a rage buri. An hana kodin, masu sha da yawa suka koma tiramol da wasu ƙwayoyin. Bayan Sex for Grades Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudirin hukunta malamai masu cin zarafin ɗalibai a Yulin 2020, amma wa'adin waccan majalisar ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Ita kuwa matar sansanin, da na koma bayan shekara na tambaya, gwaggon ta ce dangin mijin sun karɓe yaron, ita kuma ta tafi wani gari wurin 'yar'uwarta. Na tambaya ko masu fim ɗin sun sake kira. Ta ce ai ba su da lambarta, ta shugaban sansanin suka karɓa.